Reshen da Ke Bakin Hanya

Ranar da Dorin ya fara ganin Ilinca zagi ya sha, kuma gaskiya rabin zagin ya cancance shi.

Asabar ce da safe, bayan an kwana biyu ana zuba ruwa a ƙauyenmu Runcu. Ya ajiye motarsa a gindin tsauni, ya sauke kekensa mai batir, ya nufi hanyar keken da ya gani a waya. A bakin hanyar ya tarar da reshen brad, bishiyar tsauni mai ganye kamar allura, kwance a gicciye, ganyensa shar. Bawan Allah ya ɗauka iska ce ta karyo shi. Ya sauka ya ja shi gefe don kada wani ya yi tuntuɓe, har yana jin ya yi aikin lada, sannan ya kama hawa.

Mu nan Runcu babu wanda bai san ma'anar wannan reshe ba. In ka gan shi a gicciye, hanya a rufe take, ƙasa ba ta tsane ba, kuma taya ba ta taka ta sai wanda ya ajiye shi ya ɗauke da hannunsa. Ba ma kafa allo, ba ma sa kwaɗo. Haka masu jan gungume da doki suke yi tun zamanin kakanninmu, masu keke suka gada. To shi Dorin mutumin garin Huedin ne, kuma shekara bakwai ya yi a Jamus, inda komai sai an rubuta wa mutum a allo.

A kwana ta uku ta hanyar aka daka masa tsawa.

"Kai! Tsaya nan!"

Ya matse birki. Wata budurwa ce tsaye a tsakiyar hanya, takalmin roba har gwiwa, fartanya a hannu, taɓo har a goshi.

"Ina kwana?" in ji shi.

"Da ban kwana ba ka gan ni? Juya ka ga aikinka."

Ya waiga. Tayarsa ta tsaga ɗanyar ƙasar tun daga ƙasa, kamar an ja cokali a kan tuwo.

"Ba ka ga reshe ba ne?"

"Na gani mana. Na ma kawar muku da shi."

Ta ƙare masa kallo. "Ka kawar. Sannu da ƙoƙari, Allah ya biya. Sannan ka hauro ta hanyar gangara, inda mutane ke saukowa a guje, da wannan abin naka da ake sa wa caji kamar waya."

"Keke ne."

"Keken ragwaye."

Ya sauka daga keken. Tambayarta kawai ya yi yadda zai sauka ba tare da ya ƙara ɓarna ba. Ta ce ɗauka zai yi. Keken nan ya kai nauyin rabin buhun siminti, amma ya saɓa shi a kafaɗa ya bi gefen ciyawa. Sai da ya yi taku huɗu ta lura ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai, jan ta yake yi. Kalmar ragwaye ta dawo mata a rai. Ilinca ba ta iya ba da haƙuri ba, a gidansu ma ba a koyar da shi, don haka abin da ta iya shi ta yi.

"Gobe ƙarfe bakwai!" ta ɗaga murya. "Ka zo da shebur!"

Hanyar nan ita ce rayuwar Ilinca. Shekara biyar ta yi tana haƙa ta da diga da fartanya, ita da 'yan ƙungiyar keke, kilomita huɗu a cikin dajin mahaifinta, Baba Gavril. Babu takarda tsakaninsu, bakinsa ne kawai ya ba su. Kuma bakin ya kusa janyewa. A kakar bara wasu 'yan birni suka shigo da baburan nan masu batir da ba su da ƙara, suka ɓullo a bayan dokinsa Murgu yana jan gungume. Dokin ya firgita, ya ja tsohon a ƙasa, haƙarƙari biyu suka karye. Da ya tashi daga jinya magana ɗaya ya yi: ranar da ya sake ganin sawun inji a dajinsa, waya mai ƙaya zai ja ya rufe shi. Kowa ya san Baba Gavril ba ya maimaita magana.

Ƙarfe bakwai saura kwata Dorin yana bakin reshe da sabon shebur, takardar farashin ma ba a ɓamɓare ba. Ta koya masa yadda ake yanka magudana a karkace don ruwa ya bar hanya, da yadda ake daddaɓe kwana da bayan shebur. Ya yi aiki har azahar bai zauna ba. Da za a tashi ta karɓi lambarsa, wai don ta sa shi a jerin masu aikin gayya.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe shugabar ma'aikata, hannuna duk ya yi bororo. An yafe mini ko da saura?"

"Da saura. Kwana uku ka ɓata, ɗaya ka gyara. Mai Batir."

"Sunana Dorin."

"Na sani. Mai Batir."

Ya gyara kwana ukun, bai daina zuwa ba. Yana da shagon gyaran kekuna da babura masu batir a Huedin, amma duk Lahadi sai ya rufe ya taho. Ilinca, wadda da ko madubi ba ta dubawa in za ta daji, ta fara ɗaure gashi da ɗan kyalle ja. Mahaifiyarta, Mama Saveta, ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, sai dai cukun da take naɗa mata na rana ya koma na mutum biyu.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Codrin, shugaban ƙungiya, malamin motsa jiki a makarantar gunduma. Yaro ne mai kirki in ba a zo maganar ƙwaurinsa ba, wanda yake nunawa da gajeren wando ko ana ƙanƙara. Shekara biyu yana kewaya Ilinca, yana taya Baba Gavril yankan ciyawa, yana jiran ta gane da kanta.

"Mai gida, in batirin ya ƙare a tsakiyar tsauni wa ake kira, makanike ko likita?" ya tambayi Dorin wata rana a gaban mutane.

"Kai za a kira," in ji Dorin. "Ai na ga ƙafafun, za su iya goyo."

Aka kwashe da dariya, har Ilinca. Codrin ma ya yi, amma a fatar baki.

Ranar da ƙasa ta tsane Ilinca da Dorin suka hau tare ta tsohuwar hanyar masu jan gungume, wadda ita ce ta hawa. Tana haki tana zufa, shi yana gefenta ya rage wa injin ƙarfi don kada ya wuce ta. A saman tudu suka zauna a kan gungume, ya naɗe wandonsa ya nuna mata gwiwar. Tabon ɗinki ne tun daga cinya.

"Ƙarfe ne ya faɗo mini a wurin aiki, can Jamus. Kafin nan tsere nake yi, irin na su Codrin. Shekara uku ban ga saman tsauni ba sai ta taga. Ranar da na hau wannan keken na kai sama, zama na yi na yi ta kuka kamar an yi mini rasuwa."

"Ni kuma na ce maka rago."

"Kin ce."

"To... ka ci cukun nan, ni na ƙoshi."

Ya gane haƙurin ke nan, ya karɓa. Ya bayyana mata abin da mutanen Runcu ba sa son ji: nasa keke ne, sai ka taka feda yake taimaka maka, in ka daina ya daina. Wanda ya firgita Murgu babur ne, totur gare shi, ka murɗa ya tona ƙasa ya watsa ta baya.

"Ni na ji," in ji ta. "Baba kuwa, ko tocila ce, in dai da batir, dangin juna ne."

"Ke fa? Dangin me nake a wurinki?"

Ta sunkuyar da kai tana kankare taɓo a takalmi da tsinke. "Kai dai ka riƙa zuwa da shebur."

A daren bai yi wani dogon tunani ba, da safe ya rubuta mata: "Ilinca, ban iya zagaye-zagaye ba. Ina sonki. In gyaran hanya ne sharaɗin, a ba ni har birnin Cluj."

Sai bayan awa biyu ta amsa, kuma ta goge sau shida kafin ta tura. "Ni ma. Kada ka sa in maimaita. Ka zo cin abinci ranar Lahadi, ka sa riga mai maɓalli."

Ya zo da riga mai maɓalli da furanni na Mama Saveta. An yi tuwon masara da cuku da naman da aka naɗe cikin ganyen kabeji. Baba Gavril ya zauna a gaban tebur yana kallonsa ta ƙarƙashin gira har aka kusa gamawa.

"An ce kai ne mai gyara musu."

"Ina gyara kekuna da babura, Baba."

"Waɗanda ba su da murya."

"Su ne."

"Babur na da, tun yana ƙauyen gaba kake jin sa, ka ja dokinka gefe ka tofa masa tsinuwa ya wuce. Wannan kuwa sai ka ji shi a ƙeyarka. Abin da ke tafiya a daji ba ya motsi, ko kyarkeci ne ko ɓarawo." Ya goge baki. "Ba ni da faɗa da ƙafarka, yaro, Allah ne ya yi. Da sana'arka nake faɗa. Ba zan ba da 'yata ta ci abinci da abin da ya karya mini ƙashi ba."

"Baba!" in ji Ilinca.

"Gavril, bari yaro ya haɗiye lomarsa," in ji Mama Saveta. "Kai da ka zo neman aurena da warin doki, wa ya kore ka?"

"Doki yana da murya."

Tsohon ya tashi ya fita wurin Murgu. Dorin ya gama abincinsa tas, ya yi godiya, ya tafi. A hanya ya tsaya ya tura mata: "Kada ki yi faɗa da shi, fartanyata. Yana da gaskiya a kan shirun. Bari in yi tunani."

Bai gama tunanin ba aka sake ruwa, kwana uku a jere. Ranar Juma'a da yamma Ilinca ta ajiye reshe da hannunta. Ranar Asabar da hantsi Codrin ya tura hotuna biyu a zauren ƙungiya na waya. Na farko motar Dorin ce a gindin tsauni. Na biyu reshen ne an wurgar da shi cikin rafi. Ƙarƙashinsu ya rubuta: "Mai kawar da reshe ya dawo."

Ilinca ta hau a ƙafa ta gefen daji. Abin da ta gani ya sa ta zauna a ƙasa. Babura uku sun bi hanyar daga ƙasa har sama, sun tona ta ta zama kwalbati. Duk kwanar da ta daddaɓe da hannu ta rushe, ruwa yana bin ramin yana cin ƙasa. Ba ta yi kuka ba sai da ta iso kwana ta uku, inda suka fara haɗuwa.

Ta kira shi. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka zo nan yau da safe?"

"Na zo. Ilinca, bari in..."

"Ka san masu baburan?"

"Na sani. Ni na gyara musu birki jiya."

Ta kashe wayar. Ba wai ta yarda shi ya hau babur ba, ta san ƙafarsa. Abin da zuciyarta ta raya mata shi ne, shi ya nuna musu hanya, shi ya sake jan reshen kamar yadda ya taɓa yi. Ai da bakinsa ya amsa ya yi sau ɗaya.

Saƙonsa ya biyo baya: "Jiya na ji suna zancen Runcu a shagona. Na ce musu hanyar keke ce kuma a rufe take, suka yi dariya. Da asuba hankalina bai kwanta ba, na biyo su in tare su. Na makara. Laifina shi ne ban kira ki tun jiya ba, na ɗauka zan iya ni kaɗai. Ban taɓa reshenki ba."

Ta karanta ba ta amsa ba. Na yi fushi da ita a lokacin, don duk wanda ya ga yaron nan da shebur ya san ba zai yi ba. Amma shekara biyar ɗin ba nawa ba ne, nata ne.

Baba Gavril ya hau shi kaɗai da yamma, ya daɗe, ya sauko bai yi wa kowa magana ba. Washegari ya shiga Huedin ya sayo naɗin waya mai ƙaya biyu ya jingine a jikin rumbu. Ya ce ranar Asabar mai zuwa zai ja ta. Codrin ya zo da kansa ya ce zai taya shi kafa turaku, wai ko ba komai a huta da baƙi. Ilinca ta dube shi, ta ga mutumin da ya fi son Dorin ya fita a kan hanya ta rayu. Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa da fara'a.

Kwana biyar ba ta je daji ba, ba ta buɗe saƙo ba. Ranar Juma'a da sassafe mahaifinta ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Sa takalminki. Zo ki nuna mini inda zan kafa turaku."

Ta sa takalmi ta bi shi. A bakin hanya suka tarar an mayar da reshe, sabo, a gicciye. Keken Dorin yana jingine da bishiya a wajen reshen. Tsohon bai tsaya ba, ya bi gefe, ya durƙusa da ƙyar a inda taɓon Asabar ya bushe.

"Zo nan, 'yar boko. Karanta mini wannan."

"Sawun babur ne, Baba."

"Na gefensa fa?"

Ta duba. Sawun takalmi ne a can bakin ciyawa. Na dama ya nutse sosai, na hagu kuwa ja ne, dogon layi, kamar an ja sanda.

"Shekara arba'in ina bin sawu a dajin nan," in ji shi. "Baburan ne suka fara wucewa, ga inda tayar farko ta bi ta kan reshen kafin su jefar. Wannan ya zo daga baya, don sawunsa yana kan ƙasar da suka watsa. Ya tarar babu reshe, hanya a buɗe, kuma ta riga ta lalace. Yana da keken da zai kai shi sama cikin minti goma. Sai ya ajiye shi a nan, ya bi su a ƙafa. Da wannan ƙafar. Na bi sawun har kilomita biyu, akwai inda ya faɗi, ga shaidar hannunsa."

Ilinca ta ce, "Tun yaushe kuka sani?"

"Tun Asabar."

"Kuka bar ni kwana biyar?"

"Ba ke nake kallo ba, shi nake kallo. Mutum yana iya yin abin kirki sau ɗaya don budurwa ta gani. Ina so in ga abin da zai yi in budurwar ta daina ɗaukar waya."

Can sama suka jiyo ƙarar shebur. A kwana ta biyar suka same shi, riga ta jiƙe, gwiwar naɗe da bandeji. Kwana huɗu na ƙasa duk ya tayar da su, magudanan a karkace yadda ta koya masa. Kullum da asuba yake zuwa ya yi awa uku kafin ya je ya buɗe shago. Da ya gan su ya cire hula.

"Baba, na san gobe za ku rufe. Na ce ko an rufe, kada a bar ta haka ruwa ya cinye muku ƙasa."

Ilinca ta matso. Ta karɓi shebur ɗin daga hannunsa, ta duba kwanar da ya daddaɓe, hawaye na zuba.

"Wannan ta yi tudu da yawa," ta ce.

"Na sani."

"Dorin... ka yi haƙuri."

Tsohon ya juya yana kallon bishiyoyi, don a gidansa ba a taɓa jin wannan kalma ba. Dorin ya share mata fuska da bayan hannu, ya bar mata taɓo a kumatu. "Ya wuce, fartanyata. Amma Mai Batir ɗin ya fi mini daɗi."

Sannan ya ce da tsohon yana da abin da zai nuna masa. Suka sauko tare a hankali, gurgu da mai ciwon haƙarƙari. A wajen reshe Dorin ya ɗaga kekensa ya girgiza. Wata ƙara ta tashi da kowane ɗan Runcu ya sani tun yana ciki. Ƙararrawar tumaki ce ya ɗaure a ƙarƙashin sirdi.

"Kun ce abin da ba ya motsi a daji kyarkeci ne ko ɓarawo. Na sayo hamsin a kasuwar dabbobi. Daga yau babu abin da zai fita shagona da batir ba tare da ita ba. Masu totur kuma, ni zan gaya musu inda ƙafarsu ta tsaya: titin motocin katako na gwamnati a wancan kwarin, ban da nan. Wanda bai yarda ba ya nemi wani makaniken, kuma daga nan har Cluj babu."

Baba Gavril ya karɓi ƙararrawar ya kaɗa kusa da kunne. "Ta rago ce ko ta tunkiya?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ta tunkiya ce. Murgu ya san ta, ba zai ko ɗaga kunne ba." Ya miƙa masa. "Wayar nan, dama shingen kabejin Saveta ya lalace. Ka zo gobe ka taya ni ja, tunda na ga ba ka da aikin yi."

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Har yanzu akan samu ɗan birnin da zai cire ƙararrawa ya sa a aljihu, kuma Codrin ya yi wata biyu ba ya zuwa aikin gayya kafin kunya ta dawo da shi da baro. Amma hanya tana nan, kuma in ka zauna a gindin tsauni ranar Lahadi za ka rantse garke ne ke hawa.

An sa biki bayan an gama yankan ciyawa. Daren jajibiri ba su yi wata doguwar hira ba, saƙo biyu ne da yamma.

"Gobe ƙarfe sha ɗaya. Kada ka makara. Ba sai ka zo da shebur ba."

"Yana cikin mota, ko da za ki canza ra'ayi."

Da hantsi ango ya iso da jama'arsa da masu goge, 'yan ƙungiya a baya kan kekuna, masu batir da marasa batir, ƙararrawa na tashi. An kafa bishiyoyin brad biyu a ƙofar gida an yi musu ado da kyallaye, kamar yadda ake yi a kowane gidan amarya. A al'ada ana rufe ƙofa a ja wa ango rai da ba'a kafin a buɗe. Amma ƙofar Baba Gavril a buɗe take wangalau, ga Ilinca can a tsakar gida cikin fararen kaya ana hango ta. Abu ɗaya ne kawai: reshe kwance a gicciye a bakin ƙofar.

'Yan uwan ango na Huedin ba su gane ba. Wani kawunsa ya sunkuya zai kawar, Dorin ya riƙe masa hannu.

"Kawu, bar shi."

"Reshe ne fa kawai, ga amarya can tana jira!"

"Ba mu muka ajiye ba."

Ya tsaya cak, kan takalminsa bai taɓa ganyen ba. Masu goge suka tsayar da kiɗa. Baba Gavril yana zaune a benci da baƙar hularsa, ya bar shi tsaye minti guda cur, har Mama Saveta ta ce, "Gavril, ƙafar yaron fa!" Sannan ya tashi, ya tako a hankali, ya sunkuya yana dafe da haƙarƙari, ya ɗauke reshen da hannunsa.

"Ƙasa ta tsane," ya ce. "Shigo, ɗana."

Mata suka ɗauki guɗa, ƙararrawa hamsin suka tashi lokaci ɗaya. Ilinca ba ta jira an kawo mata shi ba, ta tattare fararen kayanta ta taho da gudu.

A coci limami ya ɗora musu kambin aure a kai bisa al'adarmu, ya yi addu'a, mu kuma muka amsa da iyakar muryarmu. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ƙara wa ƙafar Dorin ƙarfi, ya bar su tare har tsufa. Reshen yana nan rataye a saman ƙofarsu, ya bushe, Ilinca ta hana kowa taɓawa.